Tsuntsun da Na Sa a Riga

Bana ma ban hau dutsen ba. Gwiwa ta ƙi, yatsu sun ƙage, kuma ko na hau babu abin da zan tarar. An kwashe ragar, an rushe rumfar. Wanda ya je ya ce mini wani dogon ƙarfe aka kafa a wurin, mai ƙahoni kamar na talabijin, shi ke jin wucewar tsuntsaye ya aika wa mutane labari a waya suna zaune a ɗakinsu. To, Allah ya ba da sa'a. Mu a zamaninmu sai ka riƙe tsuntsu a hannu kafin ka ce ka san shi. Sai ka ji zuciyarsa tana bugun yatsanka, ya yi maka kashi a hannun riga, ya cije ka in yana da baki.

Da kaka muke aikin, lokacin da ganye ya fara ja, tsuntsayen arewa suka kama hanyar kudu suna bin bayan dutsen kamar fatake. Daga Germantown mu hau babbar hanya mu yi yamma, gidaje su ƙare, gonaki su ƙare, har mota ta fara nishi. Mu yi sallar asuba a gindin dutse a kan kwali, mu hau gari na wayewa. Ƙara na fi tunawa. Sandunan ƙarfe suna karo a kafaɗata. Busasshen ganye a ƙarƙashin takalmi. Da wani ɗan kuka siriri daga sama, tsit, tsit, na waɗanda suka kwana suna tafiya suna neman wurin sauka. Raga tara muke kafawa a cikin kurmi, zarenta siriri kamar gashi, tsuntsu ba ya ganinta sai ya faɗa. Duk rabin awa a zagaya, a cire wanda ya shiga, a sa shi a 'yar jakar ƙyalle, a kawo rumfa. A can a ɗaura masa zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa, a auna fiffike, a hura masa ciki a ga ko yana da kitsen tafiya, a rubuta, a sake shi. Aikin sa kai ne, ba wanda ake biya. Watarana wani a wata ƙasa zai kama shi, ya karanta lambar, a san inda ya bi. Shi ke nan aikin.

Mai wurin wata Baturiya ce, mu a tsakaninmu Tsohuwa muke ce mata. Busasshiya kamar kara, ba ta dariya, takardar izinin gwamnati da sunanta take. Yankan ciyawa ya haɗa mu. Ina aiki a bayan gidanta sai na ga tsuntsu ya sarƙe a ragar da ta rufe 'ya'yan itacenta da ita. Na ajiye injin, na kama ƙafafunsa, na zare zaren daga fiffike, na fitar da kai, na sake shi. Ban san tana tsaye a taga ba. Ta fito ta ce a ina na koyi wannan. Da ɗan Turancin da nake da shi na ce mata a wajen kashe su. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce in zo ranar Asabar.

Gaskiya na faɗa mata. Ni ban shiga lakkol ba, makarantar boko ke nan. A gonar gero na tashi, a ƙasar Damagaram, kuma abokin gaban mai gero jan baki ne, ɗan tsuntsun nan da ke zuwa kamar hadari ya sauka ya tashi ya bar maka kara. Da rana mu ja igiyar gwangwani mu yi ihu har murya ta dushe. Da yamma mu kafa musu raga a bakin tabki, abin da ya faɗa mu yanka, mu fige, mu soya. A nan yatsuna suka koyi zare. Da na zo ƙasar nan kuwa babu abin da na iya da ke da amfani. A ofis a miƙo maka takarda, a asibiti takarda, ko tikitin jirgin ƙasa sai ka roƙi wani ya danna maka na'ura. Kullum kai ne wanda ake yi wa magana da ƙarfi kamar kurma. A kan dutsen nan ne kaɗai ake kirana in abu ya gagara. Mutane masu digiri su tsaya a bayana suna kallon hannuna. Idan tsuntsu ya sarƙe har zare ya shiga harshensa, Tsohuwa ba ta kiran kowa sai ni. Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma kwana shida na mako don Asabar nake yin su.

Ba ni da mota a lokacin. Wani likita Bakano da muke haɗuwa a masallaci ya kai ni sau ɗaya don zumunci, ya ga aikin, ya maƙale. Ya girme wa ɗana, bai kai ƙanena ba, Baba yake ce mini. Hannunsa laushi kamar biredi, don haka shi aka ba littafi. Tsakanin Bakano da Badamagare kuwa ba a rasa tsiya.

"Baba, wannan da ka riƙe, ka ƙirga min shi. Kada in juya in ga gashi a bakinka."

"Rubuta abin da aka ce ka rubuta, Likita. Da Bakano aka bar wa tsuntsayen nan da tuni zoben ya isa kasuwa."

"Ai da mun fi ku amfani. Ku da kuka cinye na ƙasarku kuka biyo na mutane."

Sunayen tsuntsayen na Turanci ba su zauna a bakina ba, sai na raɗa musu nawa. Akwai mai hular limami, akwai masifaffe, akwai mai ɗigo a ƙirji. Likita ya riƙa juya wa Tsohuwa. Har ita ma ta fara cewa masifaffe, da bakinta na Turawa.

Dokokinta kaɗan ne kuma ba ta maimaitawa. Ba a barin raga ta wuce rabin awa ba a duba ba. Ba a gudu da jaka. In aka fara ruwa a naɗe raga, ko da tsuntsun da ake jira shekara goma ne ke tafe. Takan ce rubutu bai kai ran tsuntsu ba. Yaran yanzu da na gani a shekarun ƙarshe, waya suke fara ɗagawa kafin su duba ko abin da ke hannunsu yana numfashi. Da a gabanta ne da wayar ta kwana a kwari.

Ranar da nake son faɗa, shekarata ta huɗu ce ko ta biyar a wurin. Gari ya waye da hazo, iska ta kwanta, tsuntsaye suka zubo kamar an juye buhu. Jakunkuna suka ƙare. Muna cikin haka sai iska ta juya daga arewa, yayyafi ya sauko, mai sanyi irin wanda ke shiga haƙori. Mu uku ne kawai ranar. Tsohuwa ta ce a naɗe. Ta ɗauki ragar da ke kusa, ta tura Likita tsakiya, ni ta ba ni na can ƙasa, wajen rafi, don na fi su sauri. Na cire na raga ta bakwai, na naɗe. Na cire na ta takwas, na naɗe. Yatsuna sun fara ƙin jin magana. Da na isa ta tara ruwa ya riga ya yi nauyi a zaren, aljihun ragar na ƙasa ya sauka har yana taɓa ciyawa. A ciki akwai mai ɗigo a ƙirji guda ɗaya. Ya jiƙe sharkaf, gashin ya manne, ana ganin fatarsa. Na cire shi bai ko motsa ba. Kai ya langaɓe a kan yatsana, ido a rufe, ƙafa ta dunƙule. Na kara shi a kunne. Akwai rai, amma can nesa, yana tafiya.

Mahaifina yana da magana guda da ya raine mu da ita. Yakan ce rai in zai fita a hannunka, ka buɗe masa ƙofar halal. Akuya ce, kaza ce, zabo ne, ba a tsayawa kallo har ya zama mushe. Mai barin dabba ta mutu a hannunsa ba a ba shi kiwo, ba a ba shi mata. Ban yi tunani ba. Ba yunwa nake ji ba, ba mugunta ba ce. Hannuna ne ya shiga aljihu ya fito da 'yar wuƙar da muke yanke zare da ita. Na juya shi alƙibla, na ɗaga masa haɓa da babban yatsa, na fara bisimilla.

"Baba! Baba, tsaya! Me za ka yi?"

Likita ne, ya gama nasa ya sauko taya ni.

"Ka ga abin da zan yi."

"Don Allah kada ka yi. Nan ba Damagaram ba ce."

"Mutuwa zai yi, Likita. Dubi idonsa."

"To ka bar shi ya mutu mana."

"Mushe? A hannuna?"

"Ci za ka yi? Ko kyanwa ba zai isa loma ba! Mayar da wuƙar kafin ta..."

Bai ƙarasa ba. Tsohuwa tana tsaye a kan hanya, ruwa na zuba daga hularta, jakunkuna uku a wuyanta. Ta dubi wuƙar, ta dubi tsuntsun. Ba ta ɗaga murya ba. Ta yi magana da sauri, Turancin ya fi ƙarfina, na ce wa Likita ya juya mini.

"Ta ce ka mayar da wuƙar."

"Ta faɗi fiye da haka."

"Baba, bari mu je rumfa tukuna."

"Juya mini duka. Kada ka rage ko ɗaya."

Ya share ruwa daga fuskarsa. "Ta ce ka buɗe rigarka ka sa shi a jikin fata, a ƙirji. Ita jikinta ba zafi, ni kuma na jiƙe har ciki. Ka je rumfa ka zauna, kada ka motsa." Ya so ya tsaya nan, ta dube shi, ya ci gaba. "Ta ce in ya mutu, kai ka fi ta sani, za ta ba ka haƙuri. In ya tashi kuwa, to ka zare wuƙa a kan mai rai a ragarta. Hannunka ba zai ƙara taɓa ragar ba."

Na san ta. Ba ta magana biyu. Na mayar da wuƙar, na ɓalle maɓalli, na sa shi a ciki. Kamar an ɗora mini ƙanƙara. Suka tsaya naɗe raga ta tara, ni na hau rumfa ni kaɗai, hannu ɗaya a kan ƙirji kamar mai rantsuwa.

Na zauna a benci. Ruwa na dukan kwano. Ba kowa. Sai lissafin abin ya fito mini fili: in ya mutu ina da dutsen, in ya rayu ba ni da shi, kuma ni aka ba ɗumama shi. Teburin aikin yana gabana. Da zan ɗan sunkuya kamar mai ɗaukar filayar matse zobe, in jingina ƙirji da bakin tebur na numfashi biyu, an gama. Babu jini, babu alama. Ko ita da ta shekara talatin tana aikin ba za ta gane ba. Ba zan ɓoye ba, na dubi bakin teburin nan. Na daɗe ina dubansa. Na ce a raina ai dama mutuwa zai yi, gaggauta masa ma jinƙai ne. Na ce tsuntsu nawa na yanka a duniya, wannan ɗaya me ya fi su da shi. Shaiɗan ba ya rasa ayar da zai jawo maka.

A nan saniyar innata ta faɗo mini. Shekarar yunwa ce, ina saurayi, mahaifina ya rasu. Saniyar kaɗai ta rage mana. Ta durƙusa ta kasa tashi. Kwana biyu muna ɗaga ta da itace, mu tsayar, mu saki, ta zube. Da safiya ta uku na dubi idonta na ce ta gama, na yanka. Naman kamar igiya. Bayan kwana huɗu ruwa ya sauka. Ta maƙwabcinmu, wadda ta kwanta rana ɗaya da tamu, wadda muke yi wa mai ita dariya yana ɗura mata ruwan dusa da ludayi, ta miƙe. Har ta haihu daga baya. Innata ba ta taɓa ce mini komai ba. Takan dai tsaya a bakin danga tana kallon ciyawa. Shekara da shekaru ina gaya wa kaina cewa tamu ta fi tasa nisa, ko an bar ta ba za ta kai ba. Ranar nan a rumfa na gane ban sani ba. Idona ne ya yanke, kuma idon nan ne ya dubi abin da ke cikin rigata.

Na ja bencin baya daga teburin. Na ɗora hannu na biyu a kan na farko, na sunkuyar da kai ina hura numfashi ta wuyan riga.

Ban san tsawon lokacin ba. Sanyin ya ragu, wurin ya zama ɗumi ɗaya da jikina, har na ce ya tafi. Sai na ji ƙaiƙayi. Farce ne, siriri, yana neman abin kamawa a gashin ƙirjina.

Likita ya riga Tsohuwa isowa. Ya ajiye sanduna, ya dubi bayansa, ya matso.

"Yaya?"

"Yana motsi."

"Innalillahi." Ya sake duban hanya. Ya rage murya. "Baba, ji nan. Tana can wajen raga ta uku, sai ta yi minti biyar. Ba ni shi in kai shi bayan rumfa in ajiye a cikin ganye. In ya tashi ya tashi. Mu ce ya mutu mun binne. Kai ka tsira, shi ya tsira."

"Bai gama bushewa ba. In ka ajiye shi yanzu sanyi zai ƙarasa shi."

"To ka riƙe shi a ciki har mu sauka. Ka ce mata ya mutu."

"Ta ba ni haƙuri a kan ƙarya?"

"Haƙuri ne kawai, Baba, ba gado ba."

"Kanawa dai. Kome sai kun nemo masa ƙofar baya."

"Ni taimakonka nake yi. Ka san abin da wurin nan yake a gare ka."

Ban san ya sani ba. Na ce masa ya je ya zuba shayi.

Ta shigo tana tsiyaya. Ta rataye jakunkunan, ta yi wa na ciki aiki ɗaya bayan ɗaya, Likita na rubutu, ba wanda ya dube ni. Ruwa ya tsagaita. Da ta saki na ƙarshe ta juyo, ta miƙa haɓa wajen ƙirjina. Na sa hannu na fito da shi. Gashin ya bushe ya tashi, ido a buɗe, baƙi wuluk. Ya cije ni a yatsa. Likita ya ɗauko zobe, ta girgiza kai, ta ce wannan ya sha wahalar da ta ishe shi, a bar shi ya tafi haka. Na fita bakin rumfa na buɗe tafi. Ya zauna kamar bai san an sake shi ba. Ina jin nauyinsa, bai kai na goro ba. Sannan ya tashi ƙasa ƙasa, ya sauka a reshe, ya karkaɗe jiki, ya shige kurmi.

Ba ta ce ka gani ba. Ta zuba shayi a murfin fulas ta miƙo mini. Ni da Likita muka sauka, muka koma Germantown.

Asabar ta zagayo na buga masa waya na ce ya zo ya ɗauke ni. Ya ce in bari ya fara yi mata magana. Na ce ban aike shi ba. Da ta gan ni a gindin dutse ba ta yi mamaki ba, ta nuna mini sanduna. Na ɗauka. Na kafa, su suka ɗaura raga. Haka muka ci gaba. Ni ne ɗaukar kaya, ni ne sare reshe, ni ne wanke jakunkuna. Abin da ya fi mini ciwo shi ne in tsaya hannu a baya ina kallon Likita yana fama da tsuntsun da zan cire kafin a ƙifta ido.

"Ƙafa tukuna, Bakano, ƙafa! Ta inda ya shiga za ka fitar da shi. Wa ya ba ka mutane kake yankawa?"

"Su mutane ba sa cizo, Baba."

A hankali ya iya. Wasu ma suka zo suka koya daga bakina. Na yi zaton shekara ɗaya za ta huce. Ba ta huce ba, don ba fushi take ba. Shekara tara na ƙara a dutsen nan, har ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba, hannuna bai ƙara taɓa zaren ba. Ban roƙe ta ba. Da ni ne ita, haka zan yi.

Amma a kakar da ta biyo, wata safiya mai raɓa kamar ƙanƙara, ina zaune ina warware igiya, sai ga ta da sauri, hannu a dunƙule. Ba ta yi sallama ba. Ta ja wuyan rigata ta zura wani ɗan mai hular limami, ta mayar da maɓalli da kanta, ta koma wajen raga. Daga ranar duk wanda sanyi ya buge wurina ake kawo shi. Akwai safiyar da na zauna da uku a ciki. Na daina duban idonsu in yanke musu, ina dai rufewa in jira. Da yawa sun tashi. Wasu ba su tashi ba, a jikina suka mutu, mushe, ina ji suna hucewa. Waɗannan sai in zagaya bayan rumfa, in fito da wuƙar, in haƙa musu rami.